Allurar da Ban Faɗa wa Gida Ba

Talata da dare, Fatakwal

Yau na karɓo sakamakon gwaji. Likita ya ce allurar sinadarin maza da na yi shekara ina yi ita ce ta dakatar mini da ƙwayoyin haihuwa. In na daina za su iya dawowa, za su iya ƙi. Ya tambayi awa nawa nake barci, na ce huɗu. Ya ce, "To ga ciwonka nan tun farko."

Mai kemis ɗinmu ɗan Babura ne, shi ya ɗora ni a kan allurar. Ce masa na yi, "Ba ni da ƙarfi." Nufina dako ya cinye ni. Ya yi murmushi ya ce, "Haba ango, kafin ka je ganin gida ka koma ingarma." Kunya ta hana ni gyara masa zance. Ba zan ɗora masa duka ba, sau biyu ya ce in je a auna jinina, na ce ba lokaci.

Matata Hadiza ce ke ci mini rai. Tana can Roni, Inna na ɗura mata jiƙe-jiƙe, kowa ya ɗauka matsalar tata ce. Ɗazu ta kira, har da dariyarta. "Yaya, an kawo wani sabo daga garin Gwiwa. Ɗaci kamar me, amma na shanye."

Na ce Allah ya sa a dace. Wai bakina ne ya iya faɗin haka.

Gobe da safe Inna zan fara kira, kafin ta jiƙa wani.