Dillali na jiran Hajiya ta dawo

Malama mai filin shawara,

Don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle. Na san yawanci matasa ne ke kawo kukansu wannan fili naki, sai ga ni da furfurata na bi layi. Kada ki yi dariya, maganar mota ce ta kawo ni. Ko dai in ce mota ce a gaba, abin da ke bayanta kuma ke za ki gaya mini, don ni na rasa inda zancen ya dosa.

Ni ma'aikacin asibiti ne da ya yi ritaya. A ɗakin hoto na yi aikina, inda ake ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi. Kullum in tsayar da mutum, in ce ya ja numfashi, ya riƙe, kada ya motsa, sannan ya saki. Ba aikin surutu ba ne, ni ma kuma ba mai surutu ba ne. Matata ce mai baki a gidanmu. Ita ke kiran yara, ita ke musu faɗa, ita ke yanke wa zai zo da yaushe. Ni nawa a miƙo mini waya a ƙarshe in sa albarka. Bara waccan Allah ya yi mata rasuwa, sai na gane ashe ban iya kiran 'ya'yana ba. In na kira, ya aiki, ya yara, to madalla, sai mu yi shiru har ɗaya ya ce sai an jima.

'Ya'yanmu biyu, namiji da mace, kowa da aurensa, kowa a gari mai nisa. Gidan ya yi mini yawa. Na rufe ɗakunansu don ƙura, na koma rayuwa tsakanin ɗakina da kicin da kujera ɗaya a falo. Da safe in dafa shayi in kunna rediyo, wani lokaci in ji ina musu da mai karanta labarai. Da rana ba abin da ke motsi sai firij. Ina jin kaɗaici, Malama. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ke ma don ba ki san fuskata ba ne.

A hutun bara ɗana ya zo da matarsa da yaransa. Na je ɗauko su a tasha da 'yar tsohuwar motata. Jakunkuna suka ƙi shiga but, aka ɗora wasu a cinya, aka ɗora yara a kan jakunkuna, ƙaramar jikata ta yi ta kuka har gida. Da muka tsaya ɗana ya fito yana miƙa yana dariya, ya ce: "Baba, ai motar nan taka ta yi mana kaɗan." Washegari ya yi hayar mota babba don su zaga gari. Suka ce in zo mu je, na ce na gaji. Ni kuwa ba gajiya na yi ba, so nake a matsa mini. Da matata na nan da ta harare ni ta ce in tashi in daina iyayi. Ba wanda ya matsa. Na tsaya a ƙofa ina ɗaga musu hannu. Tun daga wannan zuwa ba su sake dawowa ba, aiki, makarantar yara, kin dai san yadda ake faɗa. Maganar nan tasa kuwa ta zauna mini a rai.

To akwai wani wurin sayar da motoci a hanyar da nake bi in sayo maganin gwiwa. Rannan ƙafata ta kai ni. Na ga wata mota ruwan toka, irin masu tsayin nan, ba ta kai jif ba, ta kuma wuce ƙaramar mota. Dillalin ya ce kirosoba ake ce mata. Ta hannu ce amma tsaf take. Tana da kujeru layi biyu, da wani layin a can baya da ake ɗagowa daga ƙasan but.

Dillalin matashi ne mai zaƙin baki. Ya gaishe ni, ya ce yaya iyali. Na ce lafiya lau, kamar yadda kowa ke amsawa, ba tare da na sa komai a raina ba. Shi ke nan ya samu mariƙi. Ya ce ai wannan motar iyali ce, ni aka kawo wa. Ya zaga ya buɗe ƙofar gaba, ya nuna mini yadda kujerar Hajiya ke kwantawa in bayanta ya gaji, da iskar sanyi ta ɓangarenta daban, da wani ɗan madubi mai fitila don ta gyara kwalli. Ya ce shi ba ya sayar wa magidanci mota sai uwargida ta gani, don ya sha ganin ciniki ya rushe a kan kala. Ya ce in zo da ita. Na buɗe baki in gaya masa, sai na ji na ce ta yi tafiya.

Tun daga ranar kusan kullum da safe sai ya kira, ya gaishe ni, ya tambaya ko Hajiya ta dawo. In ce tukuna. Ya ce a gaishe ta in an yi waya, in ce za ta ji. Na san cinikinsa yake nema, ban tsufa da haka ba. Amma wallahi duk wayar da ke shigo mini tasa ce ta fi yawa, kuma a bakinsa kaɗai matata take raye, tana can wani wuri, za ta dawo. Har na kan gyara zama in na ga lambarsa. Na koma wurin ya fi a ƙirga, in zauna a kujerar direba in leƙa madubi, in ga layin kujerun nan a baya, in jera jikokina ɗaya bayan ɗaya.

Makanikena, wanda muka tsufa tare, ya ce ban da hankali. Ya ce tana shan mai fiye da tawa, tayoyinta tsada, kuma irin waɗannan in suka yi fushi sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu. Ya ce injin motata lafiyarsa ƙalau, sai dai ta binne ni. Shi haka yake magana. Amma shi ba gwiwata gare shi ba. Fitowa daga motata yanzu sai na dafa ƙofa na yi nishi, wannan kuwa zamewa kawai nake in tsaya. Layinmu kuma in an yi ruwa ramuka ne, cikin motata ya sha duka. Kuɗin daga na sallamata zan cire, kuma za su ci rabo mai tsoka daga abin da na ajiye don ranar ciwo.

Ban gaya wa yaran ba. Nufina in saya, in ɗauki hotonta a ƙofar gida in tura musu ba tare da na ce komai ba, su gane da kansu cewa yanzu akwai wuri. Jiya dillalin ya ce wani ya taya, in Hajiya ba ta dawo ƙarshen mako ba sai dai in yi haƙuri. Shin motar nan abin saye ce ga mutum irina? Kuma da wane baki zan gaya wa dillalin nan gaskiya?

Naki,
Tsohon mai ɗaukar hoto

*

Baba,

Allah ya jiƙan Mama, ya ba ka haƙurin rashinta. Ban yi dariya ba, sai a wurin makanikenka.

Mu fara da motar, tunda ita ka sa a gaba. Irin wannan mota ba ta da laifi. Tsayinta alheri ne ga mai ciwon gwiwa, tana haye ramuka, direba na ganin hanya sosai, but ɗinta kuma na cin kaya. Amma abokinka bai yi ƙarya ba: mai, taya, inshora da gyara duk sun fi na ƙaramar mota, kuma wannan kashewa ce ta kowane wata, ko jikoki sun zo ko ba su zo ba. Akwai kuma abin da dillali ba zai fara faɗa ba. Layin nan na baya yawanci na ƙananan yara ne, kuma da zarar an ɗago shi but ya kusa ƙarewa. Wato ranar da ka koma tasha, kana iya samun wurin mutane ka rasa na jakunkuna. Ka je da makanikenka ya duba ta ciki da waje, ka tuƙa ta a layinku, ka shiga bayan nan ka zauna da kanka. In gwiwa ce damuwar, akwai ƙananan irinta masu tsayi ɗaya da ba su kai ta ci ba. Batun wani ya taya kuwa, kada ya hana ka cin abinci. Tun da aka fara sayar da motoci wannan mutumin yake tayawa.

Ga ma'aunin da zan ba ka. Ka ɗauka ba wanda zai zo bana, kai kaɗai za ka shiga ta zuwa kantin magani ka dawo. In duk da haka tana burge ka, kuma abin da zai rage ya isa ranar ciwo, ka saya ka more abinka. In kuwa ranka ya yi sanyi da ka yi wannan tunani, to ba mota kake ciniki ba, kuma bai kamata kuɗin tsufanka su tafi a kan aike ba.

Don aike ne, Baba. Kana so mota ta je ta faɗa wa 'ya'yanka abin da ka kasa faɗa. Ina tsoron ba za ta isar ba. Za su ga hoton su ce ma sha Allah, Baba na jin daɗinsa, hankalinsu ya ƙara kwanciya. Ɗanka wasa ya yi ranar da ka ɗauko su, na tabbata ya manta ya faɗa. Abin da bai manta ba shi ne ya gayyace ka ka ce ka gaji. Wataƙila a ganinsa hayaniyar yara ta dame ka, yana can yana raga maka. Ba na wanke su, ya kamata su lura. Amma uban da kullum yake cewa ba komai, yaransa yarda suke yi da shi, don sun saba ba ya ƙarya.

Dillali kuwa, gobe in ya kira ka ce masa: "Ɗana, Hajiya ta rasu, na kasa faɗa ne." Ba zai raina ka ba, addu'a zai yi mata. Na san abin da za ka rasa ranar, kuma ba ƙarami ba ne. Amma kana buƙatar masu ambatonta da suka san muryarta, kuma suna nan, mutum biyu, su ma maraicinta suke yi kowa a ɗakinsa.

Ka kira su kafin ka sake taka wurin motocin. Kada ka tura saƙo, kada ka ce in sun samu lokaci. Ka ce gidan ya yi maka shiru, kana kewarsu, kana so su zo hutun nan, ka sa rana. In ba za su iya ba, ka ce to kai za ka je, su share maka ɗaki. Muryarka za ta yi rawa, ka bar ta ta yi. Maganar mota ku yi ta daga baya, tare.

Ni ma 'ya ce, kuma mahaifina shi kaɗai yake zaune. Da na kai ƙarshen wasiƙarka na ajiye aiki na kira shi. Ya yi ta tambaya ko wani abu ya faru da na kira da tsakar rana. Na ce ba komai, jibi ina hanya. Sai ya tambaye ni ƙarfe nawa zan iso.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya cika maka gida da hayaniya.