Jimla Biyu Ta Ango

Lahadi, 8 ga Elul, watanmu na Yahudawa
Kakanninmu sun iya al'ada, Allah ya ji ƙansu. Ranar aure ango zai miƙe ya yi jawabi a kan kalma ɗaya ta Attaura, yana buɗe baki abokai su danne shi da waƙa, don kada jahili ya ji kunya. Shi ke nan, duk angon garinmu malami ne. Na tanadi jimla biyu. A aurena na fari ɗaya ta ishe ni.

Talata, 10 ga Elul
Fayvel mai albasa ya leƙo rumfata yana washe baki. "Getsel, mun yi shawara. Ranar ba mai waƙa. Mu ji ilimin mai kifin gishiri har ƙarshe." Ga Reb Anshel, wan amaryata Tsipe, dama cewa yake ƙanwarsa za ta auri gangar kifi.

Laraba, 11 ga Elul
Na kai wa tsohon malaminmu Reb Kalman kifi huɗu masu mai. Na ce ya ba ni kalma gajera, mai araha. Ya ce, "Hineni." Wato "ga ni" da Ibrananci. Gutsure biyu aka liƙa: na nuni, da na mai magana. Na ce to mun gama? Ya ce, "Zauna, ɗan kasuwa. Wanda ya kira ka bai san inda kake ba ne?"

Alhamis, 12 ga Elul
A littafin da Reb Kalman ya ara mini, sau uku Ibrahim ya faɗe ta a labari guda: ga Ubangiji, ga ɗansa, ga mala'ika. Duka ukun bai ma ji abin da ake so ba tukuna. Ni ko kwastoma ba na amsa wa sai na ga aljihunsa.

Lahadi, 15 ga Elul
Na zuba wa wata mata kifi fiye da kima ina bitar jawabi. Fayvel ya ce ko a kira likita.

Laraba, 18 ga Elul
Jiya aka ɗaura. Na miƙe. Jimla ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Reb Anshel har ya ajiye cokali. Ina shiga ta uku, inda daɗin yake, 'yan banzan suka ɓarke da waƙa suna dukan tebur. Fayvel ya rungume ni: "Ka zaci za mu bar ka ka nutse?" Saura kaɗan in kwaɗa masa faranti.

Alhamis, 19 ga Elul
Tsipe na yanka burodi ta ce, "Wai sauran fa? Ta bayan labulen mata ban ji komai ba." Na yi mata jawabin gaba ɗaya, a tsaye. Ta ce ya yi tsawo, amma ta kira ni in ɗebo itace don ta gwada. Na amsa "ga ni" kafin in tambayi ko nawa ne.

Gobe zan mayar wa Reb Kalman littafinsa, abin da zai kai ni ke nan. To kifi huɗun da na ware a gefe, na wane ne?