Amsar da Leah take jira

Juma'a da dare, unguwar Fallowfield, ƙasar Turawa

Na kasa cin abinci. Leah, wadda muka gama karatun koyarwa tare, ta samu aikin koyar da lissafi a makarantar Kawu Sani a Kano, kuma ni na haɗa su. Jiya ta kira daga Selly Oak, unguwar da take zaune, ta ce, "Hadiza, ni Bayahudiya ce, kin sani. Zan zauna lafiya a can?" Na ce ta bari in tambaya.

Bayan la'asar na kira Kawu. Ya ce, "'Yata, ni aikinta nake so, ba ruwana da addininta. Amma iyayen yara fa? A fom ɗin malamai gurbi biyu ne, Musulmi da Kirista. Ta zaɓi na biyu, kowa ya huta."

Na ce, "Kawu, ai ƙarya ke nan."

Ya ce, "Ke dai kin cika bin diddigi."

Ban taɓa jin an cutar da malami Bayahude a Kano ba. Amma ban san ko ɗaya da ya koyar a can a bayyane ba.

Wayar Leah a kashe take har gobe bayan faɗuwar rana, ranar ibadarsu ce. Sau biyu na rubuta mata "babu matsala" na goge. A ƙarshe na rubuta maganar Kawu yadda ya faɗa, na ƙara da cewa, "Ban sani ba, Leah." Na tura.