Goron da Ya Faɗi a Montebidiyo

Zuwa ga Shugaban Kamfanin Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Sunana Ilu, manomi ne ni a ƙasar Minjibir. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Habu ke rubutawa, ni nake faɗa, kuma na hana shi tausasa ko kalma ɗaya.

A shekarar da aka canja takardun naira, mutum na da kuɗi amma gishiri ya gagare shi, matata Hajjo ta rasu. Ɗana Sale, mai dafa abinci a jirginku, ya ga gidan ya yi mini faɗi, ya ɗauke ni in ga duniya. Da muka tsaya a Montebidiyo, babban birnin Uruguwai, aiki ya hana shi sauka, ya sa ni cikin ayarin masu zaga gari. Ga ƙorafina.

Na ɗaya, an manna mini lamba a ƙirji kamar ragon layya, an toshe mini kunne da wata na'ura mai surutu da harshen da ba na ji. Awa biyar a mota, ba wanda ya ce mini sannu. Ni ne mutanen ƙauyenmu ke tambaya asalin kowace rijiya da kowace gona, amma an zaga da ni gari guda ban san sunan ko bishiya ɗaya ba.

Na biyu, kuma shi ya sa nake wannan wasiƙa. A wata tsohuwar unguwa kusa da teku aka ba mu minti goma. Nan na ga wani dattijo baƙi, sa'ana, zaune a ƙofar gida yana ɗaure fatar ganga. Ya dube ni, ya dafa ƙirji. Tun da na bar gida, shi ne mutum na farko da ya dube ni ba rigata ba. A wurinmu baƙo ba ya wuce dattijo a tsaye. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ciro goro ɗaya da ya rage mini. Ya miƙo hannu ke nan, sai yarinyar da ke yi mana jagora ta fizgi hannun rigata tana nuna agogo. Goron ya faɗi, ya gangara cikin kwata. Ta tagar mota na ga tsohon ya sunkuya yana nema.

Ranka ya daɗe, shekarata saba'in da ɗoriya, ban taɓa yanke gaisuwa a tsakiya ba. Yanzu akwai wanda ke zaton Bahaushe na jefa wa dattijo kyauta a ƙasa ya gudu.

Ba na neman a kori yarinyar, agogonku kuka ba ta. Buƙatata biyu ce. Ku nemo tsohon nan, ƙofarsa shuɗiya ce, yatsansa ɗaya na hagu guntu ne, ku gaya masa ba da gangan ba ne. Sannan ku kawo mini sunansa, in haɗa da sunayen da nake riƙe da su.

Allah ya tsare jirginku, ya ba ku haƙurin tsayawa.

Gobe da sassafe zan shiga kasuwa in zaɓi farin goro, in naɗe a ganye, in aika wa Sale ya kai wa tsohon. In ya bushe a hanya, sai in sayi wani.

Wassalam.

Ilu, daga ƙasar Minjibir.