Ni Nake Sama, Dogo a Ƙasa

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar taki? Auta na jin magana kuwa? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwo a hannun hagu, shi ma an warware ɗinkin. Kada ki tada hankalinki.

Kin san aikina saka gilashi ne a tagogin katako. In babba ne mutum biyu ke ɗauka, kuma ba a saki sai an ce "na saki". Muna daf da zura wani a mazauninsa, wayar Dogo abokin aikina ta yi ƙara, ya saki kawai. Gilashin ya tsarge min hannu. Jini na zuba, munafukin yana gaya wa maigida wai ni na yi sakaci. Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa har yau, amma ai da dama nake cin abinci.

Na san za ki ce in bar wa Allah. Na bari, amma ba duka ba.

Ni na roƙa a ci gaba da haɗa mu. In za mu hau bene da gilashi, ni nake sama, shi a ƙasa. Wallahi ba zan saki ba, Inna. Kallonsa kawai nake ta cikin gilashin, ina murmushi. Jiya ya ce, "Don girman Allah, riƙe da kyau."

Na ce, "Dogo, kamar wayata nake ji tana ƙara."

Ki sa min albarka.

Ɗanki