Jan Ƙyalle a Kan Duro

Zuwa ga Autarmu,

Gaisuwa mai yawa, ya su Mama da Baba? Na ji ambaliya ta shiga rijiyar gida, hankalina ya tashi, ga ɗiyata Shalele a wurinku. Kada kowa ya sha ruwan haka nan. Ki cika duro biyu. Ɗaya na wanki, ɗayan ki zuba masa maganin da na aiko, ki rufe, ki ɗaura masa jan ƙyalle. Shi kaɗai za a sha. Ki karanta wa tsofaffin nan a hankali, kin san halinsu.

Taki, Yaya.

Yaya,

Bayan gaisuwa, wallahi kaina ya kulle. Na yi duk yadda kika ce. Sai Mama ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an sa ja a kan abu mai kyau ba, ja alamar haɗari ce. Ina kasuwa ta mayar da ƙyallen kan na wanki. Baba ya dawo ya ce, "Ba haka yarinyar nan ta rubuta ba," ya mayar. Ashe kwana da kwanaki haka suke yi a ɓoye, kowa na ganin shi ke ceton gida. Na tambaye su wa ya taɓa shi a ƙarshe, kowa ya nuna ɗan'uwansa. Na shinshina, duka biyun warin magani suke, don Mama ta ce da shi ta ɗauraye su.

Yaya, kada ki firgita, amma tun jiya Shalele ke gudawa, idanunta sun faɗa. Ban san wanne ta sha ba. Tsoro nake ji. Wanne zan zubar?

Ƙanwarki, Auta.

Auta,

Ko gaisuwar kirki ba zan iya ba. Ki zubar da duka biyun! Ki tafasa ruwa, ki kai min yarinya asibiti yanzu, ba anjima ba. Manya uku a gida, a rasa mai riƙe duro biyu? Na nemi izini a wurin aiki, ina tafe. Allah ya tsare min ita.

Yaya.

Yaya,

Ina gaishe ki. An yi wa Shalele ƙarin ruwa, ta farfaɗo har ta nemi abinci. Mama da Baba suka tsaya a kanta, kowa na son ta wanke shi. Baba ya ce, "Faɗa mana, wane duro kika sha?" Ta ce ita ba ta kai bakin duro, ya fi ta tsawo, kuma duk wanda ta ce wa ƙishirwa sai ya ce ta jira a gama magana. Ragowar ruwan guga take sha a bakin rijiya.

Tun lokacin Mama na zaune tana share hawaye, ni ma kunya ta ishe ni. Ki taho, tana ta tambayarki.

Sai kin iso, Auta.