Na'urar da ke Bayan Kunnena

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka. Mu nan lafiya lau. Takwararka, 'yar autata, ta fara dafa kujera tana tsayawa, ubanta sai baki har kunne.

Kar ka yi min dariyar takarda, waya ce ta fara gagara ta. Na'urar jin nan ta kamfaninku, ɓangaren waje da nake maƙalawa a bayan kunne, ta koma ɗauke sauti tana dawowa. Shekaranjiya wata mata ta yi ta sallama a ƙofar shago ina kan keken ɗinki, har ta yi fushi ta tafi da yadinta.

Na je asibiti, mai duba na'urorin ya ce kaya sun daina zuwa, wai kamfanin ya rufe sashen kunne. Na ce masa ya san da wadda yake magana, ƙanena a can yake aiki. Har na maimaita masa maganarka, cewa kamfanin da wayarsa ke aljihun kowa ba ya mutuwa, jikokinmu ma za su tarar da shi. Ka aiko min sabuwa in kai masa ya ji kunya.

Ka gaida mutan gidan.
Yayarka.

*

Auta,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Ni dai jikina lafiya.

Sati uku shiru. Jiya matarka ta zo, Allah Ya yi mata albarka, ba ta san abin da ta kawo min ba. Muna hira take gaya min ka ji daɗin sabon ofishinka, wai da aka ce za a rufe sashen kunne aka mayar da kai na waya, tun tana amarya. Na ajiye almakashi na lissafa. Wata huɗu bayan bikinku aka yi min aikin dasa na'urar a cikin kaina.

Ashe ka sani. Ranar da likita ya ajiye min na'ura biyu a kan tebur, ya ce shi ya fi natsuwa da ta ƙaramin kamfanin nan da ba ya ƙera komai sai kayan ji, kai ne ka kwashe da dariya. Ka ce irin waɗannan ƙananan shekara biyu suke yi su ɓace. To ga shi suna nan, masu tasu har sabon samfuri aka ba su. Naku ma bai mutu ba, ina ganin tallarsa a kan kowane titi. Mu ne dai ya gaji da mu.

Likita ya ce ta wani kamfani ba za ta yi aiki da wadda ke cikin kaina ba, sake buɗe wurin kuma yana tsoron jijiyar. Na goya ka, Auta. Da hannuna na sa hannu a takardar nan, amma fuskarka nake kallo. Kunyar abokan aiki ka ji, ko kuwa kai ma ka ɗauka babba ba ya yar da mutane? Wallahi ban taɓa jin ciwo irin wannan ba.

Yayarka.

*

Auta,

Gaisuwa, da fatan alheri.

An ce ka kira sau tara, har ka yi wa mijina kuka. Na yarda kukan gaske ne.

Mai duba na'urorin ya lallaɓa tawa, ya ce in ina so ta ƙara 'yan watanni, kar in wuce awa ɗaya a rana. Shago yanzu da allo da alli nake ciniki. Awar nan kuwa na ba takwararka, don ta fara haɗa baki, ubanta ya rantse ta kusa cewa Mama. Ina so in ji da kunnena kafin na'urar ta mutu.

Saboda haka kar ka zo da niyyar ba ni haƙuri da baki. Ba ni da minti ɗaya da zan kashe a kan muryarka. In kana da magana, ka rubuto.

Allah Ya tsare.
Yayarka.